Maryam ko Mariya? Abin da na gaya wa ƙanena kafin raɗin suna

Ranar da matar ƙanena ta sauka, ba a kai ga sallar isha'i ba gardama ta tashi. Shi yana son a sa wa jaririyar Maryam, a yi wa marigayiya mahaifiyarmu takwara. Ita kuwa maijego tun cikin yana wata biyar ta ƙudurta a ranta cewa in mace ce Mariya za a sa, sunan goggonta da ta riƙe ta tun daga yaye har ta kai ta ɗaki. Washegari da sassafe sai ga shi a ƙofar gidana, waya a hannu, ido ya yi ja don rashin barci.

"Yaya, dubi abin da na gani. Wai ma'anar Maryam teku mai ɗaci. Wani wurin kuma an ce tawaye. Mariya kuwa wai sunan Turawa ne. To yanzu wanne zan ɗauka?"

Na ce ya zauna ya sha koko tukuna, da sauran kwana shida kafin a yanka rago. Abin da muka tattauna a wannan safiyar da kwanakin da suka biyo baya shi ne zan shimfiɗa a nan, don na san ba a gidanmu kaɗai ake wannan ja-in-ja ba.

Abu na farko da na gaya masa ya ba shi mamaki: a asali, Maryam da Mariya suna ɗaya ne. Mace ta farko da aka sani da shi ita ce yayar Annabi Musa (AS). Alƙur'ani ya kawo labarinta a Suratul Ƙasas, yarinyar da uwarta ta ce ta bi sawun ƙaninta bayan an jefa shi a kogi, amma bai ambaci sunanta ba. Attaura ce ta faɗa, a littafin Fitowa babi na 15, inda bayan an tsallake teku ta ɗauki bandiri mata suka rufa mata baya. Yahudawan yau suna furta sunan Miryam, kuma daga nan ne Turawa suka samo Miriam. Sai dai furucin da ke da wasalin "a" ya girme shi. Lokacin da aka fassara Attaura zuwa Girkanci a birnin Iskandariyya, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Mariam aka rubuta. Alamomin wasali da suka ba da Miryam sai tsakanin ƙarni na 7 da na 10 miladiyya malaman Yahudu suka ɗora su a kan rubutun Ibrananci. A harshen Aramiyanci, wanda talakawan Falasɗinu ke magana da shi a zamanin Annabi Isa, Maryam ake cewa. Ashe tsohuwar da ke zaune a Dala tana kiran jikarta Maryam ta fi mutumin Amurka mai cewa Miriam kusa da tsohon furuci.

Kuma tun a wancan zamanin sunan ya cika gari. Wata malamar tarihi, Tal Ilan, ta bi sunayen matan Yahudawan Falasɗinu na waɗannan ƙarnoni da aka samu a littattafai da jikin akwatunan ƙasusuwa, ta tarar kusan ɗaya cikin huɗu wannan sunan take amsawa. Duk wanda ya karanta Linjila zai ga haka da kansa: Maryamu a nan, Maryamu a can, har sai an haɗa da sunan gari ko na ɗa kafin a gane wacce ake nufi. Malamin firamare da ke fama da Maryam biyar a aji ɗaya ya kwantar da hankalinsa, ba a kansa aka fara ba.

To ina Mariya ta fito? Daga bakin Girkawa. Kalmar Girkanci ba ta ƙarewa da harafin m, don haka marubuta Linjila wani lokaci su bar sunan yadda yake, Mariam, wani lokaci su guntule wutsiyar su mayar da shi Maria don ya shiga sahun sunayen matansu. Da ya isa Rum sai abin ya ƙara zama daram. A Latin, idan sunan mace ya zo a matsayin maf'uli, wato wadda aikin ya faɗa wa, ana liƙa masa m a ƙarshe. Duk Barumen da ya ji Mariam sai ya ɗauka maf'ulin Maria ne. Ga shi kuma dama suna da wata tsohuwar zuriya mai suna Marius, wadda 'ya'yanta mata ake ce musu Maria, alhali babu abin da ya haɗa su da Bani Isra'ila. Sunan baƙo ya tarar da mai kama da shi a gida, suka shige riga ɗaya.

Daga Latin ya bazu. Faransa ta ce Marie, Ingila ta ce Mary, Sifen da Italiya da Jamus da Folan suka riƙe Maria, Rashawa kuwa, da suka karɓo shi kai tsaye daga Girkanci, suka ce Mariya suna shagwaɓa shi da Masha. Marie Curie, wadda ta ci lambar Nobel a 1903 da 1911, Maria aka raɗa mata a birnin Warso a 1867, sai da ta tafi karatu Faris a 1891 ta zama Marie. A Amurka, Mary ne ya fi kowane sunan mace yawa daga 1880 zuwa 1946, ya sauka na shekara shida, ya sake hawa daga 1953 zuwa 1961. Mutanen Ayalan kuwa sun yi wani abu da Bahaushe zai gane nan take: suka keɓe Muire ga mahaifiyar Annabi Isa ita kaɗai, sauran mata a ce musu Máire. Kunya ce irin tamu, kamar yadda ba ma kiran sunan ɗan fari. A ƙasashen Katolika har maza na ɗaukar sunan a tsakiya, kamar José María Aznar da ya yi firaministan Sifen daga 1996 zuwa 2004.

Ƙasashe da dama da sunan bai biyo ta Rum ba sun riƙe m ɗinsu: Larabawa da Farisawa Maryam, Turkawa Meryem, mutanen Armeniya da Jojiya Mariam, masu Swahili Mariamu. Kiristocin Habasha ma Maryam suke cewa, shi ya sa ake jin Haile Mariam a sunayen mazansu, ma'ana ƙarfin Maryam. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen cewa mai m na Musulmi ne, marar m na Kirista.

Yanzu ga abin da ya hana ƙanena barci, wato ma'ana. A nan ne na fi daɗewa da shi, don a nan ne ake yi wa iyaye rufa-ido. Masana harsuna ba su haɗu a kan ma'ana ɗaya ba, kuma sun fi shekara dubu da ɗari biyar suna wannan muhawara. Wani malami Bajamushe, Otto Bardenhewer, ya zauna a 1895 ya tattara fassarorin da aka taɓa yi wa sunan, suka kai kusan 70. Sunan da ke da ma'ana saba'in, ai kowa ya ɗebo wadda ta yi masa ne.

"Teku mai ɗaci" ya fito ne daga raba sunan gida biyu da Ibrananci: mar, ɗaci, da yam, teku. Matsalar ita ce a nahawun Ibrananci sifa bayan suna take zuwa, kamar yadda Balarabe ke yi, don haka in da abin da ake nufi ke nan, yam ne zai riga zuwa. "Tawaye" kuma daga wata kalma ce, meri, mai kama da farkon sunan. Wasu sun jingina shi da kalmar Aramiyanci mai nufin ubangida ko uwargida, wadda ta ba da sunan Marta. Duk waɗannan kamanceceniya ce ta sauti, irin wadda za ta sa wani ya ce Mairama na nufin mai sayar da rama.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce "tauraruwar teku", da har yau ake sa wa makarantu da majami'u. Malamin Kirista Jerome, wanda ya fassara Baibul zuwa Latin ya kuma rasu a shekara ta 420, ya fassara sunan da stilla maris, wato ɗigon ruwan teku. Masu kwafe littafi da hannu suka mayar da i ta koma e, stilla ta zama stella, ɗigo ya zama tauraro. Kuskuren alƙalami ne, amma da yake ya fi na asalin daɗin ji, babu wanda ya nemi a gyara.

Ra'ayin da masana da yawa na wannan zamani suka karkata gare shi shi ne cewa sunan ba ma na Ibrananci ba ne, na tsohuwar Masar ne. Hujjarsu mai sauƙi ce: a Masar aka haifi yarinyar, a gidan da ya yi ƙarnoni a can, kuma akwai wasu sunaye a zuriyar, kamar Finehas jikan Annabi Haruna, da ake ganin na Misirawa ne. A harshen Fir'aunoni akwai kalmar meri mai nufin abin ƙauna, wadda ke cikin sunayen 'ya'yan sarauta irin su Meritamun. In haka ne, Maryam na nufin abar ƙauna. Ni wannan ya fi kwanta mini, amma na gaya wa ƙanena kada ya buga shi a katin gayyata kamar aya ce.

Malaman tafsiri fa? Ba su ce sunan Larabci ba ne. A nahawu ma ba ya karɓar tanwini, kuma suna lissafa shi cikin sunayen ajamawa, tare da Ibrahim da Isma'il. Zamakhshari, da ya zo kan aya ta 36 ta Ali Imrana inda matar Imrana ta ce "kuma lalle ni na sa mata suna Maryam", ya ce a harshensu Maryam na nufin mai ibada. Wasu suka ce mai hidima, wato hidimar ɗakin Allah, abin da ya dace da bakancen da uwar ta yi tun tana da ciki. Wannan ce ma'anar da Musulmi suka rayu da ita shekaru aru-aru, kuma ita ce liman zai gaya maka in ka tambaye shi.

Ƙanena ya ce, "To Yaya, in fa da gaske ɗacin ne?" Na ce masa ya duba wani abu. Annabi (SAW) yana canza suna in ma'anarsa ta munana ko ta zama yabon kai. Ya mayar da wata mai suna Asiya da harafin sadi, wato mai saɓo, ta koma Jamila. Ya mayar da Barra ta koma Zainab. Amma sunan Maryam Allah da kansa ya ambace shi sau 34 a Alƙur'ani, ya sa sura ta 19 ta ɗauki sunan, kuma ita kaɗai ce macen da aka kira da sunanta a cikin Littafin gaba ɗaya. Ita kuwa Mariya, mahaifiyar Ibrahim ɗan Annabi, ta shiga gidan Annabi da sunanta, ta zauna da shi, ta rasu da shi, ba a taɓa shi ba. Bayan wannan, wane shafin ma'anar sunaye ne zai tayar maka da hankali?

Akwai ma hadisin da ya warware yadda ake zaɓen suna tun asali. Mugira ɗan Shu'uba ya je Najran, Kiristocin can suka ce masa: kuna karanta "ya 'yar'uwar Haruna" ga Maryam, alhali Musa ya riga Isa da shekaru masu yawa. Da ya dawo Madina ya tambaya, sai Annabi (SAW) ya ce masa su mutanen suna sa wa 'ya'yansu sunayen annabawansu da salihan da suka gabace su. Muslim ne ya ruwaito. Takwara ke nan, ba ƙamus ba. Bahaushe ma da ya sa wa ɗansa Usman, Shehu yake tunawa ko Halifa na uku, ba ɗan tsuntsun da kalmar ke nufi a Larabci ba.

To in takwara ce ma'auni, a nan sunayen biyu suka rabu da gaske, don mata biyu ne daban.

Mai sa Maryam yana nufin 'yar Imrana, wadda mala'iku suka ce mata Allah ya zaɓe ta, ya tsarkake ta, ya fifita ta a kan matan talikai. Ita ce tare da Asiya matar Fir'auna aka ambata a hadisin Buhari da Muslim kan matan da suka kai kamala. A daraja babu gardama, kuma ba sai na tsawaita ba, duk ɗan makarantar allo ya san labarin.

Mai sa Mariya yana nufin Mariyatul Kibɗiyya 'yar Sham'un, wadda labarinta bai kai na farko yaɗuwa ba. 'Yar wani ƙauye ce mai suna Hafn a kudancin Masar. A shekara ta 7 bayan hijira Annabi (SAW) ya aiki Haɗib ɗan Abi Balta'a da wasiƙa zuwa ga Muƙauƙis, shugaban Kibɗawa a Iskandariyya. Muƙauƙis bai musulunta ba, amma ya mayar da amsa cikin girmamawa, ya haɗo da kyaututtuka, ciki har da alfadarar nan Duldul da 'yan mata biyu 'yan'uwan juna, Mariya da Sirin. Sirin ta zama ta Hassanu ɗan Sabit, ta haifa masa Abdurrahman. Mariya ta zauna a wani lambu a unguwar Awali ta Madina, kuma a Zulhajjin shekara ta 8 ta haifi Ibrahim. In aka cire Nana Khadija, ita kaɗai ce ta haihu da Annabi. Yawancin malaman tarihi sun lissafa ta a matsayin ummul waladi, wato baiwar da ta haifa wa ubangidanta ɗa, wasu kuma sun sa ta cikin matan aure. Yaron bai cika shekara biyu ba ya rasu, ranar da aka yi husufin rana, har Annabi ya tashi ya gaya wa mutane cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ita kuma ta rasu a shekara ta 16, Sayyadina Umar ya tara mutane ya yi mata salla, aka binne ta a Baƙi'a.

Kibɗawa Kiristoci ne da suka ɗauki sunan a sigarsa ta Girkanci, shi ya sa ta zo da Maria ba Maryam ba. Kuma ba ita ce Mariya ta farko da Larabawa suka sani ba. A gidan sarautar Gassan, Larabawan Sham masu bin Kiristanci kafin Musulunci, an yi wata Mariya da 'yan kunnenta suka shiga karin magana saboda tsadarsu. Masu ƙamusun Larabci sun kuma kawo wata kalma tasu mai wannan sauti, da ke nufin saniyar daji ko mace fara mai sheƙi, kuma daga nan ne masu cewa "Mariya na nufin fara kyakkyawa" suka ɗauko zancensu. Mu ma a Hausa mafarauta sun san mariya, dabbar dawa dangin barewa. Sauti ne ya haɗu, tushe daban. Amma ko ba komai, duk inda ka juya da sunan ba ka cin karo da abin kunya.

Magabatanmu sun ɗauke su sunaye biyu ne. A gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo akwai Mariya, kuma 'yar da ta haifa masa wajajen 1810 Maryam aka sa mata. Wannan Maryam ɗin ce ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, kuma ita ce ta ci gaba da jagorancin 'yan taru, tsarin karantar da mata, bayan rasuwar yayarta Nana Asma'u a 1864. Uwa Mariya, 'ya Maryam, a tsakar gida ɗaya. Saboda haka mai 'ya Maryam da ke tsoron sa wa ƙanwarta Mariya wai kada ya maimaita suna, ya saki jikinsa.

Sai batun baki, wato yadda za a kira yarinyar kullum. A nan Maryam ta fi yawan rassa nesa ba kusa ba, kuma rassan daga allo suka tsiro. Inda mala'iku ke kiranta a Alƙur'ani, "ya Maryamu" ake karantawa, da rufu'a. Inda aka ce "Isa bnu Maryama", da fataha. Harshen Bahaushe kuma ba ya son tsayawa a kan baƙi, shi ya sa Adam ya zama Adamu, Zainab ta zama Zainabu. Sai muka ɗauki duka biyun muka mayar da su sunaye, Maryamu da Maryama. Daga nan r da y suka yi musayar wuri aka sami Mairamu da Mairama, wanda ya fi yawa a bakin Fulani, sannan aka datse aka sami Mairo, kamar yadda Adamu ya koma Ado, Ibrahim ya koma Iro. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, Maryamu ya ɗauka, shi ya sa a yau in ka ji Maryamu a Wusasa ko Jos ko kudancin Kaduna, sau da yawa 'yar gidan Kirista ce, alhali kakanninmu Musulmi a karkara sun daɗe suna amsa shi. A Nijar kuwa, inda alƙalamin Faransanci ya rubuta sunayen, Mariama ne ya cika takardu, haka ma a zangunan Gana.

Mariya ba ta da wannan yawan. Da ta-kuri take ƙarewa a rubutun Larabci, don haka reshenta Mariyatu ne, kamar A'ishatu da Aminatu. Wannan riba ce ga uban da ba ya son a lanƙwasa sunan 'yarsa. Wanda ya sa Maryam ya sani cewa ba shi da iko da bakin tsofaffin gidan. Goggonmu tun kafin a yanke shawara ta riga ta faɗa: "Ku sa abin da za ku sa, ni dai in Maryamu ce Mairo zan ce." Ni ban ga laifin Mairo ba, suna ne mai ɗumi, kuma raina shi da 'yan birni ke yi wai na ƙauye ne bai taɓa burge ni ba. Amma in kai ko uwar ɗiyar ba ku so, ku san da shi tun yanzu.

Akwai kuma alkunya, wadda ita ce ta fi tasiri a shari'ar gidanmu. In ka yi wa mahaifiyarka takwara, ba kai ba matarka ba ƙannenka, babu mai iya buɗe baki ya kira sunan. Yarinya za ta tashi Ummi ko Mama ko Walida ko Hajiya, sunan yanka ya koma na rajistar makaranta. A zuriyarmu an riga an yi wa Hajiya mahaifiyarmu takwara sau biyu, ɗaya Ummi ɗaya Mami. Ta uku sai dai a ƙirƙiro mata wata alkunyar.

Na bar maganar takarda a baya don ita ce mutane ke rainawa, kuma ita ce ke cizo daga baya. A Larabci Maryam harafi huɗu ne, mim da ra da ya da mim, babu mai kuskure. A boko kuwa akwai Maryam, Mariam, Mariyam, Maryama, Mariama. Ita kanta Ummin gidanmu ta ɗanɗana. Takardar haihuwa Maryam, wanda ya cike mata fom a sakandare ya rubuta Mariam, a banki aka sa Mariyam, mu kuma manya babu wanda ya duba. Sai da ta zo neman gurbin jami'a kwamfuta ta ce waɗannan mutum uku ne. Ranar na ga uban yana zarya da fayil a hammata daga wannan ofis zuwa wancan, takardar rantsuwa a kotu, sanarwar gyaran suna a jarida, ita kuma tana zaune a benci tana share hawaye da gefen hijabi. Wata biyu aka yi ana abu ɗaya, a kan harafi ɗaya.

Mariya ma tana da nata tarkon, ɗaya ne amma mai zurfi: harafin y. Magatakardan da bai saba da sunan ba, musamman a kudu ko a ƙasar waje, Maria zai rubuta, ya ɗauka ma gyara ya yi maka. Kuma nisan da ke tsakanin sigogin biyu a idon jama'a ba ƙarami ba ne. Marigayiya Maryam Babangida, wadda aka haifa a Asaba a 1948, Maria ce sunanta na farko, kuma duk ƙasar nan da Maryam ta san ta har rasuwarta a 2009. Tushe ɗaya, amma kunnen ɗan Najeriya yana jin addini a cikin harafin ƙarshe.

A ƙetare fa? Maryam suna ne da ake ganewa daga Dakar har Jakarta, kuma duk wanda ya gan shi a fasfo zai yi zaton Musulma ce. Maryam Mirzakhani 'yar Iran, mace ta farko da ta ci lambar Fields ta lissafi a 2014, ta sa jami'o'in duniya sun iya furta shi. Mariya kuwa, da wannan rubutun na y, shi ne yadda ake rubuta sunan matan Rasha da Yukren da haruffan boko, don haka a Turai za a iya zaton 'yar can ce har sai an ga fuska. Wani zai ɗauki wannan a matsayin sauƙi, don sunan na shiga ko'ina ba tare da an yi masa tambaya ba. Wani kuma ya fi son sunan 'yarsa ya faɗi ko ita wace ce tun kafin ta yi magana. Wannan zaɓin uba da uwa ne, ba na malami ba.

Ga yadda ni nake gani. In babu Maryam a ɗakinku, kuma babu wata kunya da za ta hana a kira sunan, Maryam ta fi: darajar mai sunan ba ta da na biyu, kuma duk inda yarinyar ta shiga a duniyar Musulmi an san ta. Ka dai yarda cewa za ta yi tarayya da wasu da yawa a aji, za a bambanta su da fara da baƙa, babba da ƙarama. In kuwa gidan ya riga ya cika da Maryam, ko kana son sunan da za a kira yadda aka raɗa shi, ko kana son raya ambaton baiwar Allah da ba a cika tunawa da ita ba, Mariya ba ta gaza ba ko kaɗan, kuma zancen cewa na Turawa ne ka watsar da shi. Maryamu da Maryama da Mairo kuwa, shawarata a bar su a baki, a rubuta Maryam a takarda, sai fa in a Nijar kake inda Mariama ya riga ya zauna, ko gidanku na Kirista ne inda Maryamu shi ne sunan da ke cikin Littafinku. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne haɗa su, a ce Maryam Mariya don a faranta wa kowa. Wannan kiran mutum ɗaya ne sau biyu.

Na gaya wa ƙanena cewa Hajiya ta samu takwara biyu, goggon matarsa kuwa ba ta taɓa haihuwa ba, kuma tana raye, za ta ji da kunnenta. Bai ce komai ba, ya shanye kokonsa ya tafi. Ranar suna bayan asuba, ana rabon goro da dabino, ya sunkuya ya raɗa wa liman a kunne. Liman ya ɗago ya dube shi.

"Mariya ko Maryam? Don na ji ana ta faɗin biyu."

"Mariya, Allah gafarta Malam. Mariyatul Kibɗiyya."

Aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, guɗa ta tashi daga cikin gida. An ce goggon maijego da ta ji sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe ba ta buɗe ba.

Bayan sati biyu ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne, daga wurin karɓar takardar haihuwa, hayaniyar layi na tashi a bayansa.

"Yaya, wai yana tambaya, da y ko babu y?"

"Da y. M, A, R, I, Y, A. Kuma kada ka bar wurin sai ka karanta da idonka."